Ranar da Ban Harbi Hadari Ba

Akuyata ce ta cinye farantin farko. Tiyana ta kafa shi da safe a kan turke, daidai ƙofar bukkata. Wani farin soso ne mai tauri, irin wanda ake tararwa cikin kwalin sabuwar talabijin, an lulluɓe shi da takardar alminiyam mai sheƙi. Kafin rana ta take, akuya ta gama da rabinsa tana neman ƙari.

"Kaka Budimir, akuyarka ta cinye mana bincike," in ji Ognyen, yana jujjuya ragowar a hannu.

"To ai ta taimake ku. Yanzu kun san ba ya kisa."

Tiyana ba ta yi dariya ba. Ta zaro wani daga buhu, ta tafi neman turke mai tsayi. Haka take tun tana ƙarama, in abu ya shiga kanta sai ka ce kunnuwanta sun tafi unguwa.

Ni ne mai harbin hadari na ƙauyen Yasenik. Duk wanda ya ci 'ya'yan malina, ƙananan jajayen nan masu zaƙi da muke nomawa, daga kwarin nan, tun kafin iyayen yaran nan su yi wayo, albarkacin yatsuna ya ci, waɗanda suka rage ke nan, domin biyu roka ta tafi da su shekarar da ta fashe a bututu. Tsawa ta taɓa jefa ni daga kan tudun nan har cikin ƙaya, na tashi na kakkaɓe wandona na koma na harba sauran. Yaƙi ya zo ya tarar da ni, ya wuce ya bar ni. Wani likita a gari ya ce zuciyata ba za ta kai ni baɗi ba, na je jana'izarsa da kwat ɗina mai kyau. Ban taɓa zama a aji ba, amma in mutanen cibiyar lura da hadari suka kira ta oba-oba suka karanto lambobi, kafin su rufe baki na saita bututu, roka ta tashi ta shige cikin hadari ta watsa masa maganin da ke hana ƙanƙara girma. Aikina ke nan daga fitowar fure har a gama girbi, ni kaɗai a kan tudu. Matata Stamena tana kwance a bayan coci. Ɗana yana Jamus yana gyara rufin gidajen wasu.

Yaran nan biyu su ne kaɗai masu tasowa da suka rage a ƙauyen, sauran duk birni ya kwashe. Tiyana 'yar Radenko ce, mai gonar malinar da ke ƙarƙashin tuduna. Ognyen jikan mai kaɗa ƙararrawar coci ne. Wata malama ta zo makarantar ƙauyen gaba ta koya musu wani karatu da ake kira fiziks, ta shekara ɗaya ta tafi, ta bar su da ciwon. Tun daga nan ba abin da ya tsira a Yasenik. Sun jefa duwatsu a rijiyar coci suna kasa kunne. Sun kwance agogon bangon kakan Ognyen, har yau da baya yake tafiya in an yi sanyi. Sai suka ji labarin wata makaranta mai ɗakin kwana a babban birni Belgrad, wadda ke ɗaukar irin waɗannan yara, amma bayan jarrabawa sai yaro ya kawo wani bincike da ya yi da hannunsa. Suka duba ƙauyen kaf, ba su ga abin bincike ba sai ni.

"Wato kun hawo tudun nan ne ku auna ni," na ce.

"Ba kai ba, Kaka," in ji Tiyana. "Ƙanƙara."

"Ƙanƙarar da nake hanawa."

"Ita."

Ognyen ne ya yi mini bayani, shi bakinsa ba ya gajiya. Kowace ƙwayar ƙanƙara in ta faɗo a kan farantin sai ta bar lotsawa. Daga faɗin lotsawar za su san girmanta, daga yawan lotsawar su san yawanta. Za su kakkafa farantan a gonaki, bayan kowane hadari su bi su cire, su auna.

"In kun gama aunawa fa?"

"Sai mu san ko rokar tana aiki."

Na dube shi daga sama har ƙasa. Wuyansa kamar na zakaran da aka fige.

"Ɗana, je ka tambayi cikin ubanka ko tana aiki."

Amma na bar su. Gaskiyar magana, tun da aka binne Stamena ba wanda ke hawowa tudun nan sai mai kawo rokoki, shi ma ba ya kashe mota. Yanzu ga shi kullum da rana ina jin muryoyi suna tahowa ta cikin bishiyoyi, suna gardama a kan wani abu da ba ya cika ciki. Na fito da ƙaramar tukunyar gahawa ta biyu. Na riƙa ajiye cuku da burodi fiye da cina. Su zauna a kan akwatunan roka da aka gama da su, Tiyana tana ta lissafi a kan gwiwarta, Ognyen yana tambayata gudun roka, da nauyinta, da inda ɓawonta ke faɗawa. Abin da na sani na faɗa masa, abin da ban sani ba ma na faɗa masa, don ban saba barin tambaya ta koma gida hannu wofi ba.

Na ba su labarin da duk wanda ya taɓa zama a shagon gahawar Yasenik ya haddace: shekarar da mutanen cibiya suka ce kada a harba, na kashe oba-oba, na harba duk abin da ke akwati, na ceci kwarin nan gaba ɗaya.

"Su a gilashi suke kallon hadari," na ce musu. "Ni ido da ido muke da shi. Ba wanda ke ba Budimir umarni a kan tudunsa."

"Bara roka shida ka ce," in ji Ognyen. "Yau sun zama sha biyu."

"Bara kai yaro ne, na rage maka don kada ka firgita."

Labarin ya ɗan yi ƙiba da shekaru, kamar kowane mai ƙoshin lafiya. Wannan ba laifi ba ne.

Hadari ya zo sau da yawa a farkon zafin nan. Na harba, ƙanƙara ta ɗan sauko kamar wake, suka bi gonaki suka kwaso farantansu. Wata rana Tiyana ta daɗe tana kallon lissafinta ba ta rubuta komai. Gahawarta ta huce.

"Kaka, aikin ba zai cika ba."

"Me ya rage?"

"Duk hadarin da muka auna, ka harbe shi. Ba mu da ko ɗaya da ba a harba ba. Ba abin da za mu gwada da shi."

"Kamar wanda ke shan magani kullum ne," in ji Ognyen. "Bai san ko maganin ne ke riƙe da shi ko jikinsa ba, sai ranar da bai sha ba."

Na ajiye kofina. "Wato in naɗe hannu in bar hadari ya shigo, don ku samu abin rubutawa."

"Ban ce haka ba."

"Leƙa ƙasa, ɗana." Haka nake ce mata ita ma, kamar yadda muke ce wa duk yaron da muke so. "Gonar wa ce ta farko?"

"Ta babana. Na sani. Abin da ya rage kawai na faɗa maka."

"To ku sauka ku je ku auna rijiya."

Suka sauka. Washegari ba su zo ba, jibi ma haka. Na dafa gahawa a tukunya biyu bisa sabo, na shanye duka, zuciyata ta yini tana tsalle. Iska tana kaɗa farantin ƙofata, yana walƙiya yana haska mini bango. Na ba akuya labarin tsawar da ta jefa ni cikin ƙaya, ta juya mini baya tun ban kai rabi ba. Da na gaji, na ɗauki guduma na sauka, wai zan duba shingen ƙasa. Na tarar da turken farantinsu guda ya karkace a bakin gonar Radenko, na miƙar da shi na buga. Ban san wanda ya gan ni ba. Da rana dai na ji gardama tana hawowa ta cikin bishiyoyi, suka zauna a kan akwatunansu, ba wanda ya ta da maganar.

Ranar da abin ya faru, tun safe ƙudaje suke cizo. Malina ta nuna jawur, ana tsakiyar tsinka. Bayan cin abincin rana hadari ya leƙo ta bayan dutsen yamma, baƙi ƙirin, cikinsa da wani fari-fari kamar kitse. Na san irinsa. Yaran suna tare da ni.

Oba-oba ta yi ƙara. "Yasenik, shirya."

Na ɗora rokoki, na saita, na koma bayan shinge inda akwatin maɓalli yake. Iska ta tsaya cak. Can ƙasa na hango tsohuwa Rumenka ta fito tsakar gida tana kaɗa baƙin ɗankwali, tana kiran Stoyadin, wanda kogi ya cinye tun muna samari, tana roƙonsa ya kora fararen shanunsa zuwa kan duwatsu, nan ba makiyaya ba ce. A wajenmu ana cewa ƙanƙara garken waɗanda ruwa ya ci ne. Kakan Ognyen ya fara kaɗa ƙararrawa. Kowa yana aikinsa, saura nawa.

"Yasenik, dakata. An rufe sama. Akwai jirgin fasinja a kanku."

"Hadarin ya iso," na ce.

"Na gan shi. Dakata, Budimir."

Sai wayata ta yi kuka a aljihu. Radenko ne, muryarsa har yaran suna ji.

"Tsoho, ka mutu ne a can? Me kake jira?"

"An hana. Jirgi ne a sama."

"Kai ake hanawa? Tun yaushe? Kashe abar nan ka harba, kamar yadda ka yi wancan karon. Rabin gonata ba a tsinke ba."

Na kashe wayar. Ognyen ya ɗaga kai yana neman jirgi a cikin baƙin nan, kamar za a gan shi. Tiyana tana kallon gonarsu, inda uwarta da ma'aikata ke gudu da akwatunan malina a ka. Fuskarta ta yi fari fat.

"Kaka," ta ce, ba ta dube ni ba, "in za ka harba, ka harba. Kada ka duba ni."

Yatsana yana kan maɓalli. Ni ba mai dogon tunani ba ne, amma a tsayuwar nan na ga komai a fili. In na danna, yau a shagon gahawa ba wanda zai bar ni in biya. In na danna kuma, binciken yaran nan bai cika ba, Belgrad ta wuce su bana, baɗi war haka suna zaune a kan akwatunana suna shanye mini gahawa. Duk abin da nake so a duniya yana ƙarƙashin yatsan nan.

Ban danna ba. Kada wani ya ce don yarinya ne. Akwai mutane a cikin jirgin nan, ana ba su shayi, ba su san da wani Budimir ba. Wataƙila a cikinsu akwai ɗan wani da ke dawowa gida daga Jamus.

Ƙanƙara ta sauko. Muka shige bukka, rufin kwano yana ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai. Tiyana ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon farantin nan yana shan duka, hawaye na zuba, leɓunanta kuma suna motsi, ina jin ƙirga take yi. Da abin ya lafa, oba-oba ta ce an buɗe sama, ta karanto lambobi. Na harba biyu a wutsiyar hadarin da ya riga ya wuce. Duk Yasenik ta ji su, a lokacin da mutane ke tsaye cikin gonakinsu suna duba ɓarna. Da ban harba su ba ma ya fi.

Gonar Radenko ba ta ƙare ba, amma ta ji jiki. Kafin yamma yaran sun zagaya sun kwaso farantai, suka shimfiɗa su a daɓen bukkata, na yau a dama, na kwanakin da na harba a hagu. Suka durƙusa da abin awonsu. Na tsaya a kansu. Ban iya karatu ba, amma idona ba a taɓa sa masa gilashi ba. Na dubi dama, na dubi hagu. Kamar 'yan uwa ɗaya.

"To?" na ce.

"Gaskiya bambancin bai..." Ognyen ya fara. Tiyana ta taka masa ƙafa, na gani.

"Hadari ɗaya ba ya ba da amsa, Kaka," ta ce.

"Ni ba majinyaci ba ne, ɗana. Faɗa mini."

"Gaskiyar ke nan. Wataƙila wannan da ma ƙarami ne. Wataƙila waɗancan da sun fi haka in ba ka harba ba. Sai an tara na shekaru kafin a sani. Abin da za mu rubuta ke nan."

"A kan ba ku sani ba za a ɗauke ku makaranta?"

"In mun nuna dalilin da ya sa ba mu sani ba," in ji Ognyen, yana murza ƙafarsa.

Na ce musu ni na san dalilin. Hadarin nan ya san ni. Ya leƙo ya ga Budimir tsaye a bakin bututu, ya rage hannu. Tiyana ta ce za ta duba ko akwai inda za a sa wannan a lissafi.

Ranar Lahadi na sauka shagon gahawa. Na ce, "Allah ya taimaka," mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma kurma ne. Radenko yana zaune a kujerar da na saba zama.

"Ga mai binciken nan ya zo," ya ce. "Nawa-nawa ƙanƙarar ta auna, malam?"

"Na faɗa maka an rufe sama. Tambayi 'yarka."

"Ta faɗa mini. Na yarda an rufe. Wancan karon ma ai an rufe." Ya juya ga sauran. "Shekara nawa yana cika mana kunne ba mai ba shi umarni a kan tudunsa? Sai ranar da yara ke neman hadarin wasa ya zama mai ladabi."

Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya matsa mini wuri. Na san abin da zai buɗe mini ƙofa. Da na ce musu wancan tsohon labarin ya fi gaskiyarsa ƙiba, da sun yi mini dariya mako guda sun yafe. Amma mutum irina ba ya sayar da labarinsa don kujera. Na sha gahawata a tsaye, na biya, na hau tuduna.

An ɗauke su duka biyun. Radenko ya yi ta faɗa, daga baya shi ya ɗauki akwatin 'yarsa ya kai bakin mota. Ana gobe za su tafi suka hawo da buhu cike da sababbin farantai. Ognyen ya nuna mini yadda ake lulluɓe su ba tare da takardar ta tattare ba, na ce masa tun kafin a haifi ubansa nake naɗe abubuwa. Tiyana ta karɓi wayata ta sa lambarta, ta nuna mini inda zan danna.

"In ƙanƙara ta sauka, ka cire su ka ajiye a inuwa, ka kira ni. Ko ina aji zan fito."

"In ba ta sauka ba fa?"

"To ka yi aikinka ke nan," ta ce, ta sumbaci hannuna mai yatsu uku, ta sauka da sauri.

Hunturu ya zo ya rufe hanya, ya tafi. Da fure ya fito na zagaya gonaki da gudumata na kakkafa farantan, har a bakin gonar Radenko, yana kallona daga nesa. Ba wani mai harbin hadari a ƙasar nan da ke da irin wannan tsari, ku tambaya ku ji.

Bana kuwa ba a taɓa shekara irinta ba. Hadari ya zo ya fi a ƙirga, na harba duk lokacin da aka ce in harba, ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ƙasar Yasenik ba. Malina ta yi yawa har ana rasa masu tsinka. Na ji an ce a shagon gahawa wasu sun fara cewa hannun tsohon ya dawo. Kowace safiya nakan zagaya in duba farantan. Sumul suke, ina ganin fuskata a ciki. Wayar tana aljihuna, cike da caji. Mutum ba ya kiran yarinya daga aji don ya ce mata ba abin da ya faru.

Ɗazu da rana wani hadari ya leƙo ta bayan dutsen yamma, baƙi, da fari-fari a cikinsa. Oba-oba ta ce in shirya. Na ɗora rokoki, na saita su daidai yadda ba wanda ya iya sai ni, na koma bayan shinge na ɗora yatsa a kan maɓalli. Na ji bakina yana addu'a, na kasa kunne in ji abin da yake roƙo.